Ina Ruwan Tafkinka Yake Zuwa?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Yola ta nufi Fufore, in ya iso Mbamba zai ga hedkwatar Hukumar Raya Kwarin Kogin Binuwai ta Sama. Gwamnatin Tarayya ce ta kafa ta cikin 1976, tare da 'yan'uwanta na sauran sassan ƙasar nan, bayan farin da ya gallabi Arewa daga 1972 zuwa 1974 ya nuna wa kowa cewa ruwan damina kaɗai ba ya riƙe al'umma. Aikin hukumar ya shafi manyan madatsun ruwa da manyan filayen noman rani, irin na tafkin Geriyo da ke gefen Jimeta. Amma akwai wani ruwan da ba ya cikin lissafin kowace hukuma, watau ɗan tafkin da manomi ya haƙa a lambunsa ko a bayan gidansa, don ban ruwan alayyafo da tumatir da albasa, ko don kiwon tarwaɗa da karfasa. Wannan kam in mai shi bai lura da shi ba, ba wanda zai lura.

Kukan masu irin waɗannan tafkuna ɗaya ne ko'ina, daga Mbamba har Sakkwato. Mutum ya sayi man fetur da tsada, ya tayar da inji, ya cika tafkinsa fal, bayan kwana huɗu ya dawo ya tarar ruwa ya ja baya da taki guda. Daga nan sai zato ya fara aiki. Wani ya ce siminti ne ba shi da kyau, ya je ya sayo buhu biyar ya sake shafe. Wani ya ce maƙwabcinsa ne ke zuƙe masa ruwa da dare. Wani kuwa ya ɗora wa makiyayan da ke ratsawa da shanunsu, har magana ta kai gaban mai unguwa. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, haka nan ba ya raguwa banza. Amma sanin cewa akwai dalili daban, sanin dalilin kansa daban. Abin da wannan ɗan littafi yake roƙon mai karatu shi ne ya auna kafin ya kashe kuɗi, ya kuma auna kafin ya zargi wani. Kayan awon ba su wuce bokiti da turke da rula ba.

Rabon rana da iska

Da farko dai lalle ne a san cewa akwai ruwan da dole tafki ya rasa, ko da an gina shi da ƙarfe. Zafin rana yana mayar da ruwa tururi, iska kuma ta kwashe tururin ta yi gaba da shi. Abin da ke busar da tufafi a kan igiya shi ne ke cin tafki. A ƙasar Adamawa wannan rabo ba ƙarami ba ne. Ruwan saman da Yola ke samu a shekara bai cika kai mita 1 ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin watan Mayu da Oktoba. Daga nan sai busasshiyar iskar hunturu, sai kuma bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 cikin Maris da Afrilu. A irin waɗannan watanni ba abin mamaki ba ne buɗaɗɗen ruwa ya sauka da milimita 6 zuwa 10 a kowace rana, watau har ya kai santimita guda. Tafkin Chadi ma, duk girmansa, rana da iska suna ɗebe masa ruwa mai zurfin kimanin mita 2 a shekara.

Santimita guda abin rainawa ne a ido, amma a dubi lissafinsa. Milimita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 daidai yake da lita 1. Saboda haka tafkin da ke da mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, in ya sauka da santimita 1 ya rasa lita 1,000, watau duro biyar masu cin lita 200. A wata guda na bazara zai iya sauka da santimita 30 alhali kuwa ba ko hudar allura a jikinsa. Mutane da yawa sun fasa tanki mai lafiya suna neman tsagewar da babu ita, don kawai ba su san wannan lissafi ba.

A nan ne kuma siffar tafki take da magana. Tururi daga fuskar ruwa yake tashi, don haka tafki mai faɗi marar zurfi ya fi mai zurfi marar faɗi asara, ko da yawan ruwansu ɗaya ne. In laka da yashi suka yi ta taruwa a ƙasan tafki shekara da shekaru, zurfinsa ya ragu, to zai riƙa ƙafewa da wuri fiye da da, mai shi ya yi tsammanin yoyo ne ya same shi. Mutanen Yola sun ga haka da idonsu a tafkin Njuwa, wanda ya yi suna saboda bikin kamun kifi, amma cikewa da laka ta sa ya sha ƙafewa. Ganyayen da ke tsirowa cikin ruwa, irin su kacala da sauran dogayen ciyayi, su ma suna zuƙar ruwa su fitar ta ganyensu, kuma in sun yi yawa sukan ƙara asarar.

Gwajin bokiti

To, yaya mutum zai raba rabon rana da abin da ke sulalewa ta wata hanya? Masu awon yanayi suna da wani faffaɗan faranti na ƙarfe, faɗinsa wajen santimita 120, zurfinsa 25, wanda suke cika wa ruwa su riƙa duba saukarsa kullum. Manomi ba ya bukatar wannan. Bokitin da ba ya yoyo ya isa.

A sami bokiti wanda bakinsa bai fi gindinsa faɗi da yawa ba. A saka dutse a ciki don kada ya yi iyo, a ɗebi ruwan tafkin a zuba har ya rage kamar yatsa uku ya cika. Sa'an nan a jera bulo cikin tafkin, kusa da gaɓa, a ɗora bokitin a kai yadda mafi yawan jikinsa yana cikin ruwa, bakinsa kuwa yana waje. Wannan sharaɗi ne babba, kuma shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Bokitin da aka ajiye a kan tudu rana na dukansa ta ko'ina, ruwansa zai yi zafi ya ƙafe da sauri fiye da na tafki, sai awon ya yi ƙarya. Wanda ke zaune cikin tafkin kuwa zafinsu ɗaya, iskarsu ɗaya. Kada a rufe shi da murfi. In ana tsoron awaki ko tsuntsaye su sha, a ɗaura masa ragar waya mai manyan idanu.

Bayan haka a kafa turke mai ƙarfi cikin tafkin, a buga ƙusa a daidai inda ruwa ya tsaya, a kuma yi alama cikin bokitin daidai fuskar ruwansa. Daga wannan lokaci ba ƙari, ba ɗiba: kada a tayar da inji, kada a yi ban ruwa daga tafkin har kwana biyu ko uku. Kowace safiya, a lokaci guda, kafin iska ta taso ta kaɗa ruwan, a sa rula a auna saukar biyun a rubuta. In aka yi ruwan sama a tsakani, gwaji ya ɓaci, sai a sake, domin tafki yana samun malalen da ke gangarowa daga tudu, bokiti kuwa ba ya samu.

Fassarar awon ba ta da wuya. Abin da bokiti ya rasa, rana da iska ne suka ɗauka, tunda ba shi da wata ƙofa. In tafki ya sauka daidai da bokiti, ko ya fi shi da milimita biyu ko uku, tafkin lafiyarsa lau, a ajiye kuɗin siminti. In kuwa ya fi shi nesa, to rarar ita ce ake nema. Ga misali: a ce bokiti ya sauka milimita 8 a rana, tafki mai mita 10 da mita 10 ya sauka milimita 30. Rarar milimita 22 ke nan, lita 2,200, duro goma sha ɗaya a kowace rana ta Allah. Tafkin kifi mai zurfin mita 1 da ke sauka haka, kafin wata guda ya cika kifin yana birgima cikin taɓo.

Wannan lissafi yana da wani amfani da ya wuce na noma. Saniya a lokacin zafi takan sha lita 30 zuwa 40 a yini. Kafin shanu su shanye lita 2,200 sai garke ya haura kai 50, kuma garke irin wannan ba ya zuwa bakin ruwa ya tafi bai bar sawu da kashi ba. Haka nan mai satar duro goma sha ɗaya da dare sai ya zo da inji, inji kuwa ba ya aiki shiru. Sau da yawa rula takan wanke wanda ake zargi tun kafin a kai ƙara. Wanda har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya auna daga magariba zuwa asuba dare uku a jere, ya kwana a wurin dare ɗaya daga ciki. Yoyo ba ya sanin ana gadi, saukarsa ɗaya ce kowane dare.

In ƙasa ce ke sha

Kowane tafkin ƙasa yana tsiyaya kaɗan, bambancin a yawa ne, yawan kuma ya danganta da irin ƙasar. Littattafan kiwon kifi na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa rairayi yana iya shanye daga milimita 25 har 250 a rana, yumɓu kuwa bai cika wuce 10 ba. Yankin Yola yana da duka biyun, wani lokaci a gona guda: tudu jigawa ce mai yashi a kan dutsen yashi, gangare wajen kogi kuwa laka ce. Abin da ya fi yaudara shi ne fadamar da samanta laka, amma in an haƙa mita guda sai a faɗa wa shimfiɗar yashin da kogi ya bari tun zamanin da. Mai haƙa ya ga ya ƙara zurfi don ya sami ruwa da yawa, ashe ya huda gindin tukunyarsa ne da kansa.

Baƙar laka mai danƙo, irin wadda ake dasa masakwa a cikinta, ita kuma halinta daban. In ta jiƙe tana kumbura ta riƙe ruwa sosai, in ta bushe sai ta dare, tsagar ta yi zurfin da hannu zai shige. Tafkin da aka bari ya bushe ƙarƙaf da rani, ranar da aka sake cika shi ruwan farko duk cikin tsagogin zai tafi. Sabon tafki ma yakan sha ruwa da yawa a shekararsa ta fari, kafin laka mai laushi ta toshe ƙofofin ƙasa. Waɗannan biyu haƙuri suke bukata fiye da kuɗi.

Akwai alamar da ke bambanta tsiyaya ta ko'ina da rami guda. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Henry Darcy, wanda ya yi aikin ruwan sha a birnin Dijon, ya nuna cikin 1856 cewa saurin ratsawar ruwa cikin yashi yana ƙaruwa gwargwadon nauyin ruwan da ke danna shi. Ma'anar wannan ga mai tafki ita ce: in ƙasan tafkin ne gaba ɗaya ke sha, ruwa zai sauka da sauri sa'ad da yake cike, saurin ya riƙa raguwa sannu a hankali, amma ba zai tsaya ba. In kuwa rami ne a jikin jinga ko bango, ruwan zai yi ta sauka, sai rana guda ya tsaya cik, saukarsa ta koma daidai da ta bokiti. Inda ya tsaya, nan bakin ramin yake. Wanda zai yi wannan gwaji, in akwai kifi, ya fara mayar da su wani wuri.

Neman bakin ramin

Da zarar ruwa ya tsaya, a zagaya tafkin a tsanake ana duban layin da ya tsaya a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a jingar ƙasa masu shigar ne ke yin tsagar da kansu: gafiya, ɓera, ƙaguwa, gara. Saiwar itace ma haka. Dogon yaro da itacen turare suna miƙa saiwa nesa don neman ruwa. Sai dai a yi hattara, sare babban itacen da ya riga ya kafu a kan jinga ba koyaushe ne magani ba, domin in saiwar ta ruɓe takan bar rami kamar bututu daga cikin tafki zuwa waje. In an sare, a tone saiwar, a cike gurbinta da yumɓu.

A fita kuma bayan jinga a duba. Cikin tsakiyar rani, inda duk aka ga ciyawa ta yi kore shar ita kaɗai, ko ƙasa tana danshi, ruwan tafki ne ke fita ta nan. In ana ganin ruwan yana ɓulɓulowa, a tara a kofi a duba. Garau ɗin ruwa tsiyaya ce, tana iya jiran gyara. Mai gurɓata da laka kuwa yana nuna cewa ruwan yana cin jingar daga ciki, ramin yana faɗi kullum, kuma wata rana zai ɓalle gaba ɗaya. Wanda ya ga haka ya rage ruwan tafkin nan take, musamman in akwai gida ko gonar wani a gangare.

In ido ya kasa, a ƙara ruwa ya ɗan haura layin kaɗan, a jira safiyar da babu iska, a riƙa ɗiga madara kaɗan-kaɗan a gefen bango. Inda ramin yake za a ga farin yana miƙewa kamar zare yana shigewa. Madara kaɗan ba ta cutar da kifi.

Tankin siminti yana da wuraren rauni sanannu: inda bango ya haɗu da daɓe, da kusurwoyi, da kewayen bututun fitar da ruwa. A fara da bututun, domin shi ne ya fi yawan laifi, shi ne kuma mafi arhar gyara. A toshe bakinsa daga ciki, a sake awo dare guda. In saukar ta tsaya, an kama ɓarawo. A bangon waje a nemi danshi, ko gansakuka, ko farin gishiri-gishiri da ke bin layi. Tafkin tamfol kuwa ƙaya da tsakuwa da haƙorin ɓera ne abokan gabansa, rana kuma tana busar da gefen da ke waje har ya karye. Wani lokaci ma ba huda, gefe guda ne ya saɓule, ruwa na tsallakewa ta cikin ninki. Wani abin da ke ba da dariya bayan an gano shi, shi ne tiyon da aka manta, baki ɗaya cikin ruwa, ɗayan a ƙasa wajen gangare: shi kaɗai yana iya zuƙe tanki cikin dare ba tare da inji ba.

Tafkin da ke bin kogi

Saura wani iri wanda duk gwajin da aka ambata zai nuna yana yoyo, alhali ba abin da za a toshe. Shi ne tafkin da aka haƙa a fadama har aka tarar da ruwa, ba zuba masa aka yi ba. Ruwansa na ƙarƙashin ƙasa ne, kuma yana tafiya tare da kogi. Binuwai yakan cika maƙil wajen Agusta da Satumba, ya kuma ja baya har yashi ya fito tsakiyarsa cikin bazara. Tun 1982 kuma madatsar Lagdo da ke Kamaru tana da hannu cikin hawansa da saukarsa. In kogi ya sauka, ruwan ƙasa ya bi shi, tafkin ma ya bi. Tun da shirin Fadama na ƙasa ya yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injunan ban ruwa a shekarun 1990, wani dalili ya ƙaru: in injuna da yawa suna zuƙa daga shimfiɗar yashi guda, ruwan kowa sauka yake yi.

Gane wannan ba wuya. A haƙa ɗan rami taki biyar daga bakin tafkin har a tarar da ruwa, a bar shi ya kwana, a kafa masa nasa turken. In ruwan ramin da na tafkin suna tsaye kusan a layi ɗaya, suna kuma sauka tare, to tafkin taga ce kawai da ake leƙen ruwan ƙasa ta cikinta. Shafa masa yumɓu toshe idon ruwan ne. Abin yi shi ne ƙara zurfi a ƙarshen rani, ko masu lambun da ke wurin su zauna su raba lokutan tayar da inji.

Gyara

Wanda ya san ciwon, maganin ba shi da tsawo. Ramin jinga ba a cusa masa ƙasa daga baki. A tone shi har ƙarshensa, a cike da yumɓu mai ɗan danshi, ana zubawa kaurin santimita 15 ana daɓewa kafin a ƙara wani. Ƙasan tafki mai shan ruwa a shimfiɗa masa yumɓu haka nan, kauri aƙalla santimita 30, ko kuwa a jiƙa shi ya yi taɓo a koro shanu su tattake, a zuba taki. Kafin a ɗauko yumɓun a gwada shi: a dunƙula shi da danshi, a jefa sama a cafe, wanda ya wargaje yashi ya yi masa yawa. A kan jinga a dasa jema ko kiri-kiri, kada a dasa itace. Tsagar siminti a faɗaɗa ta da kurfi kafin a cike, domin shafe na sama-sama ɓarewa yake yi, kuma tankin da aka yi wa sabon siminti a jiƙa shi a zubar da ruwan sau da yawa kafin a mayar da kifi, don kaifin siminti yana kashe su. In rana ce kaɗai mai laifi, a yi wa ƙaramin tanki rumfar zana, a kafa shinge ta inda iskar hunturu ke bugowa, a kuma yashe lakar da ta taru.

Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya nemi malamin gona na yankinsa, ko ofishin kula da kiwon kifi na jiharsa. Ya tafi da takardar da ya rubuta awonsa: tsawo da faɗi da zurfin tafkin, saukar bokiti da ta tafki na kwana uku, watan da aka yi awon, da kuma dunƙulen ƙasa guda daga gindin tafkin, wani daga jikin jingar.